Kogin iskar da ke juya yanayin duniya daga saman gajimare

Da asubahin ranar Lahadi 9 ga Fabrairun 2020, wani jirgin kamfanin British Airways ƙirar Boeing 747 ya sauka a filin jirgi na Heathrow da ke Landan, bayan tafiyar sa'a huɗu da minti 56 daga birnin New York.

Tafiya ce da aka saba yi cikin sama da sa'a shida. In ban da Concorde mai gudun da ya zarce na sauti, babu jirgin fasinja da ya taɓa yin ta da sauri haka.

Iska ce ta riƙa tura jirgin ta baya, har gudunsa ya kai kilomita 1,327 a sa'a guda idan aka auna daga ƙasa. Ita ce kuma a wannan rana ta koro guguwar da aka raɗa wa suna Ciara, wadda ta jawo ambaliya a Birtaniya, ta katse wa dubban gidaje lantarki, ta sa aka soke tashin ɗaruruwan jirage.

Turawa na kiran wannan iska "jet sitirim". Da Hausa za a iya cewa kogin iska, domin kamar kogi take: tana da hanya, tana da tsakiya inda gudu ya fi ƙarfi, tana kuma lanƙwasa.

Mai kallon hasashen yanayi a talabijin a Birtaniya ko Amurka ya saba ganin ta a taswira, kamar wani zare mai launi da ya ratsa teku. A nan gida ba kasafai ake ambaton ta ba, alhali saman Kano da Maraɗi da Maiduguri ma akwai irin waɗannan koguna, kuma suna da hannu dumu-dumu a kyawun damina ko lalacewarta.

Mene ne kogin iska?

Rana ba ta ɗumama duniya daidai-wa-daida. Tsakiyar duniya na shan zafi, ƙarshenta na arewa da na kudu kuma ƙanƙara ce. Inda iska mai ɗumi ta yi iyaka da mai sanyi, sai a samu bambancin matsin iska tsakanin ɓangarorin biyu, kuma bambancin na ƙaruwa ne idan ana yin sama.

A can sama, iska na neman kwarara daga ɓangaren ɗumi zuwa na sanyi. Sai dai juyawar da duniya ke yi tana karkatar da ita, sai ta koma gudu daga yamma zuwa gabas a cikin wani siririn layi.

Layin na tsakanin kilomita 9 zuwa 16 daga ƙasa, wato daidai inda manyan jirage ke bi. Faɗinsa ɗaruruwan kilomita ne, kaurinsa 'yan kilomitoci, tsawonsa kuwa dubbai. Gudun iskar a tsakiya yakan wuce kilomita 200 a sa'a, a tsakiyar hunturu ma yakan haura 400, saboda a lokacin ne bambancin zafi da sanyi ya fi tsanani.

Manyan kogunan huɗu ne, biyu a arewacin duniya, biyu a kudanci. A arewa, ɗaya na bi ta saman Kanada da Birtaniya da Rasha. Ɗayan kuma na kudu da shi, yakan ratsa saman Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da arewacin Indiya da hunturu.

Aiki biyu kogin ke yi wa yanayi. Na farko, shi ne iyaka: wanda ke arewa da shi yana cikin iska mai sanyi, wanda ke kudu yana cikin ɗumi. Na biyu, shi ke haifar da hadari ya kuma ja shi. A wuraren da gudunsa ke sauyawa, yakan zuƙe iska daga sama, sai ta ƙasa ta taso don cike gurbin. Iskar da ta tashi takan huce, danshinta ya zama gajimare. Daga nan kogin ya ɗauki hadarin ya yi gabas da shi, kamar yadda ruwan kwata ke tafiya da ganye.

Shi ya sa a Birtaniya ake sa masa ido. A 2012 ya sauko kudu ya zauna, ƙasar ta ga lokacin zafi mafi ruwan sama cikin shekara 100. A 2018 ya haura arewa, sai aka yi makonni ana rana, ciyawa ta bushe.

Yadda aka gano shi

Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Ooishi, shi ne ya fara auna shi da kyau. Tsakanin 1923 da 1925 ya saki balan-balan sama da sau 1,000 daga tashar Tateno da ke arewa maso gabashin Tokyo, yana bin su da na'urar hangen nesa. Ya lura cewa da hunturu, da zarar sun yi nisa a sama, sai wata iska mai ƙarfi ta fizge su ta yi gabas.

Ya wallafa sakamakon a 1926, amma da harshen Esperanto, wani ƙirƙirarren harshe da aka yi fatan duniya za ta haɗu a kansa. Kaɗan ne suka karanta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta wa kowa ya san da shi. A ƙarshen Nuwamban 1944, jiragen yaƙin Amurka ƙirar B-29 suka fara kai hari Tokyo daga can sama. Idan suka bi iskar, sai su wuce wurin da suke hari kafin su saita. Idan suka fuskance ta, sai gudunsu ya ragu matuƙa. Yawancin bama-baman suka faɗi a wani wuri daban. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Amurka ta koma kai hari ƙasa-ƙasa cikin dare da bama-bamai masu tayar da gobara, irin wanda ya halaka kimanin mutum 100,000 a Tokyo a watan Maris na 1945.

Japan ita ma ta yi amfani da iskar. Daga Nuwamban 1944 zuwa Afrilun 1945 ta saki balan-balan kusan 9,300 ɗauke da bama-bamai, da nufin kogin ya tsallaka da su Tekun Fasifik cikin kwana uku. An gano kimanin 300 a Arewacin Amurka. Ɗaya daga ciki ya kashe mace ɗaya da yara biyar a jihar Oregon ranar 5 ga Mayun 1945.

Bayan yaƙi, masana a Jami'ar Chicago ƙarƙashin Carl-Gustaf Rossby, haifaffen Sweden, suka zurfafa bincike a kai. Har yau da sunan Rossby ake kiran manyan lanƙwasar da kogin ke yi.

Idan kogin ya lanƙwashe ya tsaya

Muddin kogin na gudu kai-tsaye, yanayi na sauyawa: yau ruwa, jibi rana. Matsala na zuwa ne idan ya yi babbar lanƙwasa sannan ya kafe a wuri guda. Wanda rana ta samu zai yi ta shan ta har makonni, wanda ruwa ya samu kuma haka.

Abin da ya faru ke nan a 2010. A watannin Yuli da Agusta, zafi ya danne yammacin Rasha, dazuzzuka suka kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe Mosko, an kuma ƙiyasta cewa mutum kimanin 55,000 ne suka mutu. A ɗaya gefen lanƙwasar, iska mai sanyi ta gangara ta haɗu da danshin daminar Pakistan, aka yi ambaliyar da ta shafi mutum kusan miliyan 20.

Rasha ta hana fitar da hatsi a watan Agustan shekarar, farashin alkama ya tashi a kasuwar duniya. Ga ƙasa irin Najeriya da ke sayo mafi yawan alkamarta daga waje, irin wannan tashin yakan biyo har kan kuɗin fulawa da burodi.

A Fabrairun 2021 kogin ya nutsa kudu har Texas, ya kai sanyin ƙanƙara jihar da ba ta saba da shi ba. Lantarki ya ɗauke wa miliyoyin mutane, hukumomin jihar suka ce mutum 246 sun rasu. Bayan wata huɗu, ya lanƙwasa arewa a yammacin Kanada, zafi ya kai digiri 49.6 a ƙauyen Lytton ranar 29 ga Yuni. Washegari gobara ta cinye mafi yawan ƙauyen.

Wani lokaci lanƙwasar kan yi zurfi har wani yanki na iska mai sanyi ya ɓalle, ya tsaya yana juyawa a wuri guda yana zubar da ruwa. Haka aka yi a Jamus a Yulin 2021, inda mutum sama da 180 suka mutu, da Valencia ta Sifaniya a ƙarshen Oktoban 2024, inda aka rasa sama da 200.

Afirka ma ta ɗanɗana. A farkon Satumban 2023 kogin ya yi lanƙwasa a saman Turai, tsakiya zafi, gefe da gefe hadari. Hadarin gefen gabas shi ne ya zama guguwar Daniel, wadda ta yi ɓarna a Girka, ta tsallaka Bahar Rum ta faɗa wa Libiya. Madatsun ruwa biyu suka fashe a saman birnin Derna, dubban mutane suka rasa rayukansu cikin dare ɗaya.

Yadda ya shiga talabijin

Ranar 11 ga Janairun 1954 ne BBC ta fara nuna mai hasashen yanayi a gaban kyamara, wani ma'aikacin hukumar yanayi ta Birtaniya mai suna George Cowling. Da taswirar da aka zana da hannu yake bayani. A 1975 aka kawo alamomin rana da gajimare masu maganaɗisu da ake mannawa a allo, a 1985 kuma kwamfuta ta karɓi aikin zanen. A Amurka, tashar The Weather Channel da ba ta da wani aiki sai yanayi ta fara watsa shiri a 1982.

A shekarun farko, abin da ke faruwa a ƙasa ake nunawa: ina za a yi ruwa gobe, digiri nawa zafi zai kai. Abin da ke can sama kuwa maganar ofis ce tsakanin masana.

Wani dare a 1987 ya nuna illar rashin sanin abin da ke tahowa. Da ranar 15 ga Oktoba, mai hasashen BBC Michael Fish ya kwantar wa masu kallo hankali cewa babu mahaukaciyar guguwar da ke tafe, ko da yake ya ce za a yi iska. Cikin daren, wani hadari da ya yi ƙarfi cikin gaggawa a kan teku ya afka wa kudancin Ingila. Mutum 18 suka mutu, itatuwa kimanin miliyan 15 suka faɗi. Ƙarancin awo daga kan teku na cikin abin da aka ɗora wa laifi, kuma bayan nan ne aka kafa tsarin gargaɗin jama'a kan mummunan yanayi a ƙasar.

Yau hoton ya sauya. A shirye-shiryen hasashen mako ko na kwana goma, irin waɗanda hukumar yanayi ta Birtaniya ke sakawa a YouTube, sau da yawa da taswirar kogin iska ake farawa, kafin a zo kan ruwa da zafi.

Dalili shi ne, kogin na ba mai kallo abin da jerin lambobi ba sa bayarwa. Idan aka ce masa gobe akwai ruwa, labarin gobe kawai ya samu. Idan aka nuna masa cewa kogin ya sauko ya miƙe a kan ƙasarsa kuma babu alamar zai gusa, ya san hadari zai riƙa bin hadari har mako ya ƙare. Manomi zai san ko ya yi girbi yanzu, mai gini zai san ko ya dakata da rufi.

Yana kuma ba mai hasashe damar faɗin gaskiya game da iyakar saninsa. Zai iya nuna cewa kwamfutoci sun rabu biyu kan inda kogin zai bi bayan kwana biyar, ya bayyana abin da zai faru idan ya bi arewa da wanda zai faru idan ya bi kudu.

Bayanan da ake zana taswirar da su na zuwa ne daga taurarin ɗan'adam, da balan-balan masu na'ura da ɗaruruwan tashoshi ke saki sau biyu a rana, da kuma jiragen fasinja da ke auna iska suna tafe. Lokacin da korona ta ajiye jirage a 2020, Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce rahotannin da ake samu daga jirage sun ragu da kashi 75 zuwa 80 cikin 100.

Kogunan da ke saman Sahel

Duk manomin Arewa ya san hadari daga gabas yake tasowa. Amma iskar damina mai danshi daga kudu maso yamma take zuwa, daga Tekun Gini. Me ya sa hadarin ke bin hanyar da ta saɓa wa iskar da muke ji a jiki?

Amsar na kimanin kilomita uku zuwa huɗu a sama. Da damina, Sahara na tafasa, gaɓar teku kuma na da sanyi-sanyi. Wato a nan zafin ne ke arewa, saɓanin Turai, don haka kogin da ke samuwa yana gudu ne daga gabas zuwa yamma. Masana na kiransa kogin iskar gabas na Afirka. Bai kai na Turai gudu ba, kimanin kilomita 40 zuwa 50 ne a sa'a, kuma a watan Agusta yakan haura ya zauna a saman Sahel.

Shi ke ɗaukar manyan haduran nan masu fara wa da guguwa da ƙura kafin ruwa ya sauka, ya yi yamma da su. Bincike ya nuna cewa irin waɗannan haduran ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da Sahel ke samu.

Shi ma yana lanƙwasa. Duk bayan kwana uku zuwa biyar wata lanƙwasa kan wuce, kuma hakan na da alaƙa da yadda ake samun ruwa mai ƙarfi, a huta 'yan kwanaki, a sake samu. Lanƙwasar da ta fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Cape Verde takan iya girma ta zama mahaukaciyar guguwa. An ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na mafiya ƙarfin guguwoyin Atlantika daga nan suke faro, ciki har da Andrew da ta daki Florida a 1992 da Irma ta 2017. Shi ya sa daga Agusta zuwa Satumba masu hasashe a talabijin ɗin Amurka ke yawan nuna taswirar Afirka ta Yamma.

Akwai na biyu can sama da shi, wajen kilomita 14, wanda ke tasowa daga Asiya saboda zafin da tsaunukan Tibet ke ɗauka. Masanin Indiya P. Koteswaram ne ya bayyana shi a 1958. Binciken Farfesa Sharon Nicholson ta Jami'ar Jihar Florida ya nuna cewa a shekarun da damina ta yi kyau a Sahel, wannan na sama yakan yi ƙarfi, na ƙasan kuma yakan haura arewa sosai. A shekarun fari, akasin haka ake gani.

Hunturu ma na da nasa. A arewacin Chadi, iska na matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta fito da gudu ƙasa-ƙasa a kan kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi, wanda ake ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Idan lanƙwasar kogin Turai ta turo iska mai sanyi da nauyi kan Libiya, sai iskar Bodele ta ƙara ƙarfi. Bayan kwana ɗaya ko biyu hazo ya rufe Kano, jirage su kasa sauka, masu asma su shiga wahala.

Ɗumamar yanayi

Yankin ƙanƙara na arewacin duniya na ɗumama kusan ninki huɗu fiye da matsakaicin duniya tun 1979, kamar yadda wani binciken masanan Finland ya nuna a 2022. A 2012, Jennifer Francis da Stephen Vavrus na Amurka suka kawo hujjar cewa raguwar bambancin zafi da sanyi na iya rage wa kogin gudu, ya riƙa yawan lanƙwasa yana kafewa. Wasu masanan na ganin tasirin bai kai haka ba, kuma har yanzu ana muhawara.

A Sahel kuwa an riga an auna sauyi. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya gano cewa mafiya ƙarfin hadura a yankin sun ninka sau uku tun 1982. Sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara, wanda ke ƙara bambancin gudun iska tsakanin sama da ƙasa. Ma'ana, ruwa mai yawa na sauka cikin ƙanƙanen lokaci, a kan garuruwan da magudanansu ba su da yawa ko sun toshe.

Abin da ya rage a hasashenmu

Hukumar NiMet na fitar da hasashen kullum da na shekara, wanda ke faɗin lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta, kuma a 'yan shekarun nan ana fassara na shekarar zuwa Hausa. A Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke yi wa ƙasashen yankin aiki. Masanan waɗannan wurare na duba iskar sama a aikinsu na yau da kullum. Abin da ke isowa ga mai kallo da mai sauraro dai galibi jerin jihohi ne da lokacin da ake sa ran tsawa.

Mai duba manhajar yanayi a waya ya kamata ya san wani abu. Yawancin manhajojin na ɗauko bayani ne daga manyan kwamfutocin Turai da Amurka. Wani binciken masana a Karlsruhe ta Jamus a 2018 ya nuna cewa waɗannan kwamfutoci na da rauni sosai wajen hasashen ruwan gobe a wannan yanki na Afirka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin awo: Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha nanata cewa Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancin tashoshin auna yanayi. Saboda haka alamar gajimare a kan sunan garinka da ƙarfe huɗu na yamma ba alkawari ba ne.

Abin da aka fi iya gani tun da wuri shi ne babban hoton: ina kogin yake, yaushe lanƙwasa ta gaba za ta iso, ko hazo ya taso daga Chadi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta wa'adin ƙarshen 2027 na ganin gargaɗin farko ya isa ga kowa a duniya. Gargaɗi kuwa ya fi shiga idan an faɗi dalilinsa.

Manomin da ya zuba iri bayan ruwan farko, sannan aka yi mako biyu babu ɗigo, ya yi asarar iri da taki da kuɗin ƙwadago. Minti ɗaya a rediyo ko talabijin, da Hausa, da ke bayyana masa cewa iskar da ke kawo hadari ba ta haura ta zauna ba tukuna, zai iya sa ya jinkirta shuka da mako guda.